Farin Gam a Kan Baƙin Faifai

Ranar da ya fara shigowa shagon, Auta tana zaune bayan teburin ciniki tana ware ƙusoshi, dogaye gefe, gajeru gefe. Shagon na Abbanta ne. A gaba ana sayar da kayan aikin katako, a baya kuma wurin aikinsa ne, inda zarto ke kuka tun da sassafe. Ita ke riƙe da gaban tun da ta gama makaranta, kuma ko kai ka tambaye ta za ta gaya maka babu wanda ya fi ta iya shi.

Saurayin dogo ne siriri, rungume da wata jaka mai faɗi kamar wanda aka ba shi riƙon jariri.

"Sannu da aiki. Akwai farin gam na katako?"

"Akwai. Ƙaramar roba ko babba?"

"Babba."

Ya biya ya tafi. Bayan ɗan lokaci ya sake dawowa, ya kuma sake, kullum gam, kullum babbar roba. Auta ta dubi hannuwansa ta gan su sumul, ko tabon guduma babu. Ita kuwa magana ba ta kwana a cikinta.

"Malam, in tambaye ka mana. Ba ka sayen ƙusa, ba ka sayen katako, ko samfefa ba ka taɓa nema ba. Shan gam ɗin kake yi?"

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Sai ya buɗe jakar ya zaro wani tsohon faifan garmaho, baƙi wuluk yana sheƙi.

"Wannan nake wankewa da shi. A shafa, a bari ya bushe, a ɓare, sai ya fito da duk dattin da ya maƙale a layukan. Shagona na ƙarshen layin nan, kusa da mai gyaran agogo. Ki zo ki gani da idonki."

"Idan na ga dama," in ji ta. Ta kuwa ga damar tun kafin ya kai bakin ƙofa.

Da ƙawarta ta je. Shagon ɗan tsukuku ne, fayafayai tun daga ƙasa har rufi. Mutanen layin Mai Faifai suke ce masa. Yana sayar da tsofaffin waƙoƙin da aka sake bugawa sababbi, yana kuma yawo gida-gida yana neman fayafayan da suka ɓace, ya wanke su, ya aika wa wani kamfani da ke haɗa su a faifai guda bayan an sami izinin masu su.

Ya ɗora wani irin wannan haɗin a kan injin garmaho, ya sauke allura a hankali.

"Kiɗan fank ne na zamanin iyayenmu suna samari. Wasu daga nan Afirka, wasu daga Latin Amurka. Ki canka wanne ne na ina."

Jita mai kaurin murya ta fara, ganga ta biyo ta, ƙahonin busa suka faɗo gaba ɗaya. Auta ta ji ƙafarta na motsi ba da izininta ba. Ta canka sau uku, ta faɗi sau uku, ta ce ai laifinsa ne da yake kallon ta. Abin da ya fi kama ta shi ne wani sauti siriri a ƙarƙashin kiɗan, ƙwas, ƙwas, ƙwas-ƙwas.

"Wannan mene ne?"

"Sanduna biyu ne kawai ake bugawa. Su ke riƙe kowa a kan hanya."

"Kamar Abbana idan yana gwada ingancin katako," ta ce.

Daga ranar wayarta ta daina hutawa. Ta sa masa suna Mai Gam, shi kuma ya ce ita ce Allurata.

"Allurata, yau na tsinci wani faifai a ƙarƙashin gadon wata tsohuwa. Ya fi ni shekaru, amma ya fi ni iya rawa. Na ajiye, ban saurara ba sai kin zo."

"Mai Gam, ka dai ci abinci ko kiɗan ne ya ƙosar da kai? Gobe ina nan zuwa. Ka share shagon nan don Allah."

"Na share. Har zuciyata na share, ke kaɗai ce a ciki."

"Wannan maganar ta fi fayafayanka tsufa. Amma na karɓa."

Ta so shi, so na gaske, kuma ba ta ɓoye wa Umma ba. Umma ce ta kai maganar gaban Abba, ta dawo jiki a sanyaye.

Abba ya kira ta wurin aikinsa, bai ko ajiye samfefar hannunsa ba.

"Auta, ban taɓa hana ki abin da kike so ba. Amma mutumin kiɗa ba zai shigo gidana ba. Ga ɗan abokina nan mai shagon kujeru, yaro da sana'a a hannu, ya daɗe yana yi mini maganarki."

"Abba, ai shi ba makaɗi ba ne."

"Duk tafiyar ɗaya ce."

Ya faɗi haka idonsa na kan bango. A can sama da teburin zarto akwai ƙusa, a jikinta wani ƙaramin faifai ke rataye tun kafin a haifi Auta. Ƙurar katako da maiƙo sun mai da shi toka-toka. Na Baffanta ne, yayan Abba, wanda ya ajiye guduma ya ɗauki jita, ya bi ƙungiyar makaɗa gari-gari, ya rasu da ƙuruciyarsa a nesa da gida. Abin da ya bari ke nan. Abba ya taɓa kai shi a kunna masa shekarun baya, ba a ji komai ba sai shuu, ya dawo ya rataye shi, ya hana kowa taɓawa. A wurinsa kiɗa ne ya ɗauke masa ɗan'uwa, kuma ba zai ba shi 'ya ba.

Ɗan mai kujerun kuwa ya ƙara ƙaimi. Kullum sai ya faka mota a ƙofar shago ya zauna yana ba ta labarin soso da yadin kujera, har hamma ta kama ta.

Auta ba mai zaman kuka ba ce. Wata ranar da Abba ya tafi sayen katako, ta taka benci ta sauke faifan, ta naɗe shi a mayafinta ta nufi ƙarshen layi.

Mai Faifai ya karɓa da hannu biyu. Ya hure ƙurar takardar tsakiya, ya karanta sunan ƙungiyar, sai ya zauna.

"Allurata, kin san na daɗe ina jin labarin wannan faifan? Ana cewa babu sauran ko guda. Abba ya san kin kawo?"

"Ya sani," ta ce, ba ta ko ƙifta ido ba.

Ya ɗora shi a kan injin, ya bar shi yana juyawa, ya tsiyaya gam siriri, ya shimfiɗa shi da gefen kati har baƙin ya ɓace tas, sai fari kamar madara.

Ashe ɗan mai kujeru ya gan ta da ƙunshi a mayafi, kuma bai yi ƙasa a gwiwa ba wajen kai rahoto. Abba ya dubi bango ya ga ƙusa tsirara. Ko rigar aikinsa bai cire ba ya taho.

Da ya ga faifan, bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Muryarsa ce ta karye.

"Gam? Faifan yayana ka zuba wa gam? Yaro, tun kafin a haife ka nake aiki da gam. Abin da ya kama ba ya saki."

Mai Faifai ya dubi Auta, ta sunkuyar da kai. Nan take ya gane.

"Abba, ka yi haƙuri. Roƙona ɗaya, kar a sa masa ruwa, kar a goge. A bar shi ya bushe."

Abba ya ɗauki faifan a kan tafukansa ya fita, Auta na biye da shi. A ƙofar gida ya juyo.

"Maganar yaron nan ta mutu. Kar in sake ji."

Da yamma saƙo ya shigo, babu Allurata, babu komai.

"Kin ce ya sani. Ni ko faifan baƙo ba na taɓawa sai da yardar mai shi, balle na mahaifinki."

Wannan ya fi faɗan Abba yi mata ciwo, domin gaskiya ya faɗa. Ta yi kuka, ta share hawayenta, ta rubuta:

"Na yi maka ƙarya, ka yafe mini. Tsoro na ji kar ka ƙi. Amma na yarda da aikinka, Mai Gam, ko da kai ka daina yarda da ni."

Amsa ta daɗe kafin ta zo.

"Ban daina ba. Ki dai hana kowa zuwa kusa da shi da tsumma."

Ta kuwa tsare. Faifan na kan teburin Abba, shi kuma ya ƙi ko kallon wajen. Umma ta zo da tsumma da ruwan ɗumi don ta taimaka, Auta ta tare ta a ƙofa har da rantsuwa. A hankali farin ya fara dusashewa, gam ya koma garai-garai, baƙin faifan na leƙowa ta ƙarƙashinsa.

Da safe ta sami Abba tsaye a kansa, ya goya hannu a baya. Ta ɗauko tsohuwar robar gam ɗinsa, ta sa farce a bakin robar inda gam ya bushe, ta ɓare shi ya fito zarar, ta ajiye a gabansa.

"Abba, katako yake kamawa. Kai ka koya mini ba ya kama roba. Faifan nan ma ai roba ne."

Abba ya dubi robar, ya dubi faifan. Kullum da hannunsa yake ɓare wannan busasshen gam ɗin ya yar, amma baƙin ciki ya hana shi tunawa. Ya sa babban yatsansa a gefen faifan. Gam ya ɗago. Ya ja a hankali, ya taso gaba ɗaya bai ko yage ba. Ya ɗaga shi saitin taga, ga layukan faifan sun fito a jikinsa, ga dattin shekaru duk ya biyo shi. Faifan kuwa baƙi wuluk, kamar yau aka buga shi.

Ya juyo ga Auta.

"Kira shi. Ki ce ya zo da injin."

Mai Faifai ya zo, ya durƙusa ya gaishe shi, ya sake ba da haƙuri kafin ya taɓa komai. Aka share teburin zarto aka ɗora inji. Umma ta tsaya a bakin ƙofa.

Allura ta sauka. Jita ta shigo da ƙarfinta, ganga ta amsa, ƙahoni suka tashi. Kiɗa ne mai izza, na samarin da suka san sun iya. A tsakiyar waƙar komai ya tsaya cak, sai muryar wani saurayi, tana dariya:

"Ƙanena, buga katakonka!"

Ƙwas, ƙwas, ƙwas-ƙwas.

Auta ta juya. Yatsun Abba na bugun gefen tebur daidai da sautin, hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

"Ni ne," ya ce. "Ya ɗauke ni a keke ya kai ni wurin ɗaukar waƙar. Ƙafafun wata karyayyar kujera na buga. Ina ta riƙe da yadda ya tafi, na manta yadda yake dariya."

Aka sake kunnawa, aka kuma sakewa. Sannan Abba ya share fuska da rigar aikinsa, ya juya faifan ya ga ɗaya gefen yana nan da dattinsa.

"Wannan fa?"

"Sai an shafa masa shi ma, Abba."

"To shafa mu gani."

Mai Faifai ya fara shafawa. Abba ya yi tsaki.

"Kai, ba haka ake shimfiɗa gam ba, ka cika shi a gefe. Ba ni nan." Ya karɓi katin ya ja shi sau ɗaya, gam ya kwanta sumul. Bai ɗago kai ba ya ce, "Idan ya bushe, ka turo manyanka."

Auta ta ruga ta ɓuya a bayan Umma, wai ita kunya, alhali dariyarta har titi ana ji.

Ɗan mai kujeru ya koma faka motarsa a wani layin. Waƙar Baffa ta fito a sabon haɗin kamfanin da izinin Abba, da sunan Baffan da hotonsa a bangon faifan, a tsakanin makaɗan Afirka da na Latin Amurka. Ita aka fara sawa ranar bikin Auta da Mai Faifai. Da aka zo wurin kiran nan, Abba ya miƙe a gaban jama'a da sanduna biyu da ya fiƙe da kansa, ya amsa wa yayansa.

Da zai sallami amarya ya dafa kanta, ya kama hannun angon.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Ga ta nan, ka riƙe ta da hannu biyu, yadda na ga ka riƙe faifan yayana."

A ɗakinsu suka tarar da kyautarsa, kantar jera fayafayai ta jan katako, babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. Mai Faifai ya shafa mahaɗin ya dubi matarsa.

"Allurata, wannan fa da me ya haɗa ta?"

"Da gam," ta ce, ta kwantar da kai a kafaɗarsa. "Wannan karon katako ya samu. Ba zai saki ba."