Kujerar Maman Chompu

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, shi ma a kusurwar ɗakin littattafan makarantarmu inda ba mai leƙowa. Sau huɗu ina fara wannan labari ina yage takardar. Amma abin ya tsaya mini a rai tun damina, kuma manyan da suka fi ni saninsa sun yi gum. To ga shi nan yadda na iya, in kun ga kuskure nawa ne.

Ranar da Thawat ya cika kwana ɗari da rasuwa, bayan sufayen gidan ibadarmu sun ci abincin sadaka sun koma, matarsa Nenita tana tsugune a bayan gida ita kaɗai tana wanke kwanukan mutum saba'in. Hannayenta sun yi fari don sabulu, hawaye na ɗiga cikin ruwan ɗauraya, dangin miji kuwa suna baranda suna hira. Nenita 'yar Filifin ce. A wata masana'anta a Taiwan suka haɗu da Thawat, ya kawo ta ƙauyenmu a lardin Sisaket, suka shekara tara suna kula da gonarsa ta durian, wani ɗan itace mai ƙayar ɓawo da ke tsada a kasuwa, suka haifi 'ya ɗaya, Chompu, mai shekara bakwai. Babur ne ya kwashe shi a hanyar kasuwa, ko sallama bai samu yi musu ba. Yarenmu ya zauna a bakin Nenita har tana zolayar tsofaffi da shi, sai dai rubutunmu har yau da ƙyar take haɗa baƙi biyu.

A nan wajen wanke-wanken yayar mijinta, Wilai, ta same ta da murya mai taushi. Ta ce a ba ta takardar haihuwar Chompu da littafin gida mai shuɗin bango, wanda hukuma ke rubuta sunayen mazauna gida a ciki, wai za a ƙarasa wasu takardun mamaci. Ta ce kuma bari yarinya ta yi mako guda a gidanta na bakin kasuwa, kusa da makaranta, ita Nenita ta samu ta huta. Allah sarki, har godiya Nenita ta yi! Ta haɗa hannaye a ƙirji ta sunkuyar da kai, ta ɗauko takardun daga ƙarƙashin katifa, ta ninke wa Chompu kayan mako guda da ɗan bargonta mai hoton giwa.

Mako ya wuce, na biyu ya bi bayansa, yarinya ba ta dawo ba. In Nenita ta je sai a ce ta yi barci, ko tana darasi, ko an tafi da ita birni. Nenita kuwa ga wani tashin hankalin na jiranta. Izinin zamanta na shekara-shekara a matsayin matar ɗan ƙasa ake ba ta shi, yanzu miji ya tafi, abin da ya rage a fasfonta zai ƙare ƙarshen watan Yuli. Ƙofa ɗaya ta rage mata, ta nemi zama a matsayin mahaifiyar 'yar ƙasa. In wannan ta rufe, sai ta tattara ta bar ƙasar, ta bar Chompu.

Ta hau motar safe zuwa ofishin shige da fice na lardi, riƙe da kwafin takardar haihuwa da ta samo a wani tsohon fayil, da taswirar hanyar gidanta da ta zana da hannu. Jami'ar da ta karɓe ta, Rattana, mace ce mai gilashi wadda ba ta cika dariya ba, amma ba muguwa ba ce. Ta duba na'ura ta daɗe tana kallo, sannan ta gaya mata cewa ba wanda ya musa ita ta haifi yarinyar, sai dai ƙa'ida tana so a ga uwa da 'ya a gida ɗaya, ga shi an cire sunan Chompu daga littafin gidan Thawat tun mako uku, an mai da shi gidan Wilai, da dangwalen yatsan mai gidan. Mai gidan kuwa a takarda Kaka Bunmi ce, mahaifiyar Thawat, tsohuwar da idonta ya yi rauni, wadda ita ma Wilai ta ɗauke zuwa gidanta. Sunan baƙo ba ya shiga shuɗin littafi, don haka shekara tara Nenita tana share gidan nan ba ta da layi ko ɗaya a cikinsa.

Jami'ar ta nemi hotunanta da yarinyar a ƙofar gida inda lambar gidan za ta fito, da cikin ɗakin kwana. Nenita ta miƙa waɗanda take da su, na bara, Thawat na tsakiya yana dariya. Aka ce sababbi ake so. Wayyo... ina za ta samo sabon hoto da 'yar da ko hannunta ba a bari ta taɓa? Rattana ta buga mata hatimin jira na kwana talatin, ta ce za su zo gidan ba sanarwa su gani da idonsu, su kuma ji daga maƙwabta biyu.

Daga tashar mota gidan Wilai ta wuce kai tsaye. Ta same ta a rumfar awon durian tana ba ma'aikata umarni. Nenita ta durƙusa a gaban mutane.

"Yaya Wilai, ki riƙe gonar. Ki riƙe gidan ma. Ki ba ni 'yata."

Wilai ta yi dariya tana fifita da kwali. "Ji ta, wai in riƙe gonar, sai ka ce tata ce. Ƙanwata, baƙo ba ya mallakar ko taki ɗaya a ƙasar nan, kin sani. Gona ta Chompu ce, Chompu kuma jininmu ce. Ke hatimi ne ya ajiye ki, hatimi zai kwashe ki. Tashi, kina tare wa mota hanya."

Kowa a wurin ya gane lissafin: wanda ya riƙe yarinya shi ya riƙe gona har ta girma. Amma ba wanda ya tsaya wa Nenita, domin Wilai ce ke sayen amfanin gonar kusan kowa, mijinta kuma mataimakin dagaci ne. Nenita ta bi gida-gida tana neman mutum biyu da za su tsaya mata shaida. Wannan ya ce ƙafarsa na ciwo, wancan ya ce katinsa na ɗan ƙasa ya ɓata. Ta zo gidanmu ma. Mahaifiyata ta zuba mata shinkafa mai danƙo da dakakkiyar gwanda a leda, ta ce ta yi haƙuri, mu talakawa ne. Ina bayan labule da littafi a hannu, kuma da kunya nake rubuta wannan.

Kamar hakan bai isa ba, Wilai ta rubuta wa ofishin wasiƙa cewa Nenita ta watsar da yarinya tun ranar ƙona gawar mijinta, tana yawonta a garuruwan bakin teku, gidan ma a kulle yake. Ta kuma kai shuɗin littafi makaranta ta nuna, ta ce kada a bar kowa ya ɗauki Chompu in ba ita ba. Daga nan Nenita ta koma mai tsayuwa a bayan shingen waya. Kullum da safe tana nan da ɗan kwandon shinkafa da soyayyen ƙwai, ko ruwa ake ko rana, ta hango 'yarta daga nesa ana jan hannunta zuwa aji. Ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa. Matan kasuwa sun ce sun sha jin ta tana tafiya tana magana ita kaɗai: "Ya Allah, ka ɗauki mijina ban yi maka gardama ba. Wannan ɗayar ka bar mini ita."

Haka aka kai jajibirin Ranar Uwa, ranar da makarantu ke yin bikinsu. An jera kujeru a babbar rumfar taro, iyaye mata sun zauna cikin shuɗayen riguna, kowane yaro da damin furen yasmin a hannu. Mu manyan ɗalibai muna tsaye a baya. A kujerar da aka liƙa wa sunan Chompu, Gwaggo Wilai ce zaune, ta sha gyaran gashi da sarƙar zinare, ta ajiye Kaka Bunmi a gefe don mutane su ga tana riƙon tsohuwa. Ruwan sama ya tsuge. Can bayan shinge Nenita na tsaye da lema mai karyayyen ƙarfe.

Ita ba ta sani ba, a safiyar nan jami'ai suka je gidanta. Suka tarar da kwaɗo a ƙofa, daidai yadda wasiƙa ta faɗa, maƙwabta kuma kowa ya shige ɗaki. Kaico! Abokin aikin Rattana ya ce a rubuta rahoto a wuce, ita ta ce a'a, sai ta ga yarinyar tukuna. Shi ya sa muka ga mutum biyu cikin kaki sun shigo rumfa sun tsaya kusa da mu.

Aka saki waƙar iyaye mata, wadda ko namiji ya ji sai idonsa ya kawo ruwa. Yara suka tafi da rarrafe a kan gwiwa, kowa ya ɗora fure a cinyar mahaifiyarsa, ya kifa goshi a kan ƙafafunta, uwa ta shafa kansa tana sa masa albarka. Rumfa ta cika da shessheƙa. Chompu kaɗai ta tsaya a tsaye. Malamarsu ta ɗan tura ta a hankali, ba ta motsa ba. Wilai ta miƙo ƙafafu gaba tana murmushin dole, ta ce ƙasa-ƙasa, amma mun ji: "Durƙusa mana, 'yar nema, mutane na kallo."

Yarinyar ta dube ta ta ce, "Gwaggo, kujerar Mama ce."

Sai ta juya ta fita cikin ruwan, ƙaramar yarinya da fararen safa, ta ratsa filin ƙwallo har bakin shinge. Ta tura furen ta ramin waya, ya kakkarye, ta tura dai. Sannan ta durƙusa cikin taɓo ta kifa goshinta a ƙasa, daidai inda yatsun ƙafar mahaifiyarta suka leƙo ta ƙarƙashin shingen. Nenita ta saki lema ta zube, ta cusa yatsu biyu ta cikin waya tana taɓa gashin 'yarta, don iya abin da ramin ya bari ke nan... Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Rattana ta cire gilashi ta goge, ta taka har gaban Wilai ta tambaye ta ko ita ce ta rubuta cewa uwar yarinyar tana bakin teku. Wilai ta fara kame-kame, wai jiya-jiya Nenita ta dawo. Mai gadin makaranta, da ba wanda ya tambaye shi, ya ce mako uku ke nan matar nan ba ta fasa tsayuwa a shinge ko rana ɗaya ba. Sai ga Kaka Bunmi ta dogara sanda ta miƙe.

"'Yar nan, ni na dangwala yatsa," ta ce wa jami'ar. "An ce mini takardar sadakar ɗana ce. Kullum yarinyar nan sai ta yi kuka a bayana har ta gaji, ina ji ina shiru don tsoron wadda na haifa. Surukata ita ta yi jinyata shekara uku, ita ke yanke mini farce. Ku mai da ni gidana, ku mai da jikata."

Da bakin tsohuwa ya buɗe, sai na kowa ya buɗe. Mata suka yi ta miƙa katinsu a rubuta su shaida, mutum biyu ake nema aka samu goma sha ɗaya. Wilai ta fita ta ƙofar baya da jaka a fuska.

A makon nan Kaka Bunmi ta je da kanta aka mai da sunan Chompu littafin gidan ubanta. Wilai ta amsa kira a kan ƙaryar da ta yi wa hukuma da yaudarar tsohuwa, maganar tana kotu har yanzu. Mijinta ya ajiye muƙaminsa kafin a karɓe, manoma kuma suka koma kai durian wani wurin awo. Ranar nan na wuce ta gaban rumfarta, kaji ne kwance a kan sikeli.

Ran da kwana talatin suka cika aka buga wa Nenita hatimin shekara guda. Da yamma ƙauye ya taru a gidanta don ɗaura musu farin zare a wuyan hannu, a kira musu kurwa ta dawo jiki bayan wahala. Mahaifiyata ce ta fara ɗaurawa, tana ɗaurawa tana neman gafara, Nenita ta ce ai dakakkiyar gwandar ta yi daɗi, barkonon ne dai ya yi yawa. Aka yi dariya ana share ido. Wata ta ce shekara ɗaya kacal suka ba ta bayan duk wannan? Nenita ta ce e, baɗi ma sai ta sake bin layi, haka kuma kowace shekara. Chompu, da zare ya cika mata hannu har gwiwa, ta ce, "To sai mu riƙa tafiya tare, ni zan karanta miki rubutun."

Na ga layin ɗaurin ya kusa zuwa kaina, ni kuma in na buɗe baki kuka zan yi a gaban mutane. Sai na ajiye nawa zaren a gefen tabarma kusa da ƙafar Kaka, na zari takalmana a hannu, na bi ta cikin ayaba na tafi gida.