Kwanton Ɓauna a Gindin Tsamiya

Da la'asar sakaliya suka bar motocinsu a bayan wata firamare, yamma da Shanono, suka shiga gonaki da ƙafa. 'Yan tsiraru ne, irin sojojin nan da ba sa jiran igwa ko tankar yaƙi. Abin da mutum ya iya saɓawa a bayansa shi ne nasa. Saje Abdulkabir ne a gaba, sai mai oba-oba, wato rediyon sadarwa, sai mai bindiga mai jigida yana ta nishi kamar jakin da aka yi wa lodin taki, sai Muntaka mai magani da jakarsa. A can ƙarshe Kashim ne da Mika'ilu, waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa sai tare. Kashim ya duba, Mika'ilu ya harba.

An tsegunta musu cewa 'yan bindiga za su ƙetaro da magariba su kwashi shanu da mutane. Aikinsu shi ne su riga su zuwa, su kwanta, su jira.

Shi Kashim ba 'yan bindigar ne suka dame shi ba. Mika'ilu mijin ƙanwarsa Falta ne, ga shi ko arba'in ba ta yi ba da haihuwa. Shi ya fara kai Mika'ilu gidansu a Fagge, shi ya tsaya masa har aka ɗaura auren. Da safiyar ranar ta bugo masa waya, ba ta ja zance ba. Ta ce, "Yaya, amana ce fa. Yadda kuka tafi tare, ku dawo tare."

Damina ta yi nisa, dawa ta shanye tsawon mutum. Ba su bi hanya ba, don irinsu ba sa bin hanya, kuma ba sa tambayar kowa. Ko mai unguwa bai san da zuwansu ba. Matsalar ita ce a ƙasar nan babu inda ba a nomawa. Gona na manne da gona, gida na hango gida, duk inda ka juya sai ka ci karo da mai yankan ciyawa. Sun sha wuya kafin Saje ya sami abin da yake nema: wani fili a tsakiyar gonaki, ƙaya da ciyawa sun cinye shi, wata ƙatuwar tsamiya a tsakiyarsa. Babu sawun mutum, babu kashin akuya. Saje har da murmushi.

Mika'ilu ne kaɗai ya ja tunga. Ɗan manoma ne daga Gezawa. Ya raɗa wa Kashim, "Yaya, mutanen da ke shuka gero har bakin ƙofar ɗakinsu ba za su bar wannan fili don lalaci ba."

"Ƙauyanci zai tashi ke nan," in ji Kashim.

"Bari dai in yi sallama."

Ya buɗe baki, Kashim ya toshe masa da tafin hannu. Doka ce, in an zo wurin kwanto ko tari ba a yi. Haka suka kutsa cikin gidan mutane a kan cikinsu, babu sallama, babu gyaran murya.

Rana ta faɗi. Ƙamshin hayaƙin kara ya taso daga ƙauye, ya gauraya da warin man bindiga. Daga nesa ladan ya fara kiran salla. Kashim ya kafa ido a madubinsa. Madubin nan ba haske yake gani ba, zafin jiki yake gani. Mutum yakan fito a cikinsa toka-toka, fuska da hannuwa su ɗan yi haske, itace da ƙasa kuma baƙi. A kan bindigar Mika'ilu ma akwai ƙaraminsa.

Sai ga su.

Suna tafe a jere a cikin kunya, sun nufo tsamiya. Ba toka-toka ba ne. Farare ne fat, daga kai har ƙafa, kamar ƙarfen da maƙeri ya zaro daga wuta. Na gaban dogo ne, ya saɓa wani abu mai tsawo a kafaɗa.

Kashim ya ɗaga kai ya duba da idonsa. Dawa ce kawai take kaɗawa. Ya ce a ransa duhu ne ya fara, ai don haka aka ba shi madubin. An koya masa ya yarda da na'ura fiye da idon da Allah ya ba shi, kuma ya koyu.

"Ba na jin takunsu," in ji Mika'ilu.

"Na gaban. Ƙirji, ta hagu."

"Yaya..."

Saje ya taɓa ƙafar Kashim, alamar an ba da izini. Kashim ya taɓa kafaɗar Mika'ilu. Mika'ilu ya ja kunama.

Dogon ya faɗi.

Gyare ya yi shiru. Kiran sallar ma ya yanke a tsakiya, kamar an rufe ƙofa. Sai wani kuka ya tashi, ba daga gona ba, daga cikin tsamiyar da suke kwance a gindinta.

Mai jigida ya buɗe wuta. Bai daɗe ba bakin bindigar ya yi ja, harsasan suka fara fashewa a hannunsa. Ya yi ta birgima, yatsunsa na reto. Wani abu ya ɗaga mai oba-oba sama, ya maka shi da jikin bishiya. Ƙashinsa ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Aka sake ɗaga shi, aka sake makawa.

Ƙaurin gashi ya cika wurin.

"A ja da baya," in ji Saje. Ya kama mai jigida ta wuyan sulke yana ja.

Kashim ya miƙa hannu gefensa. Wayam. Da ya juya, sai ya ga ana jan Mika'ilu ta ƙafafu zuwa cikin ƙaya, yana kartar ƙasa da farce, bakinsa a buɗe amma babu sauti.

Tsoro ya kama Kashim, irin wanda bai taɓa ji ba ko a dajin da ya fi wannan. Amma ba a barin mutum a baya, balle wannan. Ya yar da jakarsa ya faɗa cikin ƙayar. Wani abu ya mare shi, haƙorinsa ya fita. Wani ya yage masa baya. Ya ci gaba da rarrafe yana lalube.

A bakin kunya ya same shi, kwance rigingine. Bai tsaya tunanin yadda aka yi ya zo nan ba. Fuskar Mika'ilu ce, kakin Mika'ilu ne. Ya saɓa shi a kafaɗa ya zura da gudu.

Jinin da ke bin wuyansa kamar tafasasshen ruwa.

Ganyen dawa na yankar fuskarsa.

Sai ya ji murya a bayansa, can wajen tsamiya.

"Yaya. Ina za ka? Ga ni nan."

Tun yana yaro ya san ba a amsa irin wannan kira, ba a kuma waiwayawa. Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Wanda ke kafaɗarsa ya miƙe yana gurnani, ya kafa masa farce a haƙarƙari. Kashim ya ɗauka zafin rauni ne.

"Yaya, don Allah."

Bai waiwaya ba.

A cikin mota Muntaka ya kwance wa Mika'ilu sulke, ya yanke rigar da almakashi, ya haska da tocila. Ya daɗe yana kallo.

"Sulken bai huje ba," in ji shi a hankali. "Amma ga ramin harsashi a ƙirji, ta hagu. Kofur Kashim, wa ya harbe shi? Ban ji ƙarar bindigar kowa ba sai tamu."

Madubin na rataye a wuyan Kashim. Ya ɗaga shi ya duba. Ga Muntaka toka-toka. Ga Saje toka-toka. Wanda ke kwance a tsakaninsu fari ne fat, kuma ya juyo da kai yana kallonsa.

Washegari aka koma da ƙarin sojoji aka ɗauko gawar mai oba-oba. Manoma suka tsaya daga nesa da fartanyu a kafaɗa, ba wanda ya matso. Kashim ya shiga ƙayar yana kiran sunan Mika'ilu har muryarsa ta dishe. Saje ya sa aka fito da shi, ya ce wanda yake nema yana gadon asibiti. Da ya nace, aka tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka karɓe masa bindiga.

Raunin Mika'ilu kuwa ya warke da saurin da ya ba likitoci mamaki. Aka ba majinyacin hutu, ya tafi gida.

Ran Juma'a Falta ta bugo, muryarta cike da murna. "Yaya, Allah ya saka maka da alheri, ka cika alkawari. Zazzaɓin ne dai ya ƙi sauka, kuma har yanzu bai iya salla ba. Ita kuma 'yar taka ta ƙi yarda da shi, inda ya riƙe ta jiya duk ya tashi kamar ƙuna. Ga shi nan ma zai gaishe ka."

"Falta, ɗauki yarinyar ki fita. Yanzu."

Amma wayar ta riga ta canza hannu. Muryar Mika'ilu ce, a natse, sai dai bai ce Yaya ba.

"Malam Kashim," in ji shi. "Wanda ya harba yana wurinmu. Wanda ya nuna ne ya rage. Kun shigar mana gida babu sallama, ni kuwa kai da kanka ka goyo ni zuwa naku."

A bayansa jaririyar ta fara kuka, sannan Kashim ya ji an tura ƙofa an sa sakata.