Ruwa a Tankin Mai Jirgi

Da yammacin nan Mai Jirgi ya shigo gida da tiyon mai rataye a wuya, ransa a ɓace. Kwana tara ke nan injin kwale-kwalensa yana mace masa a tsakiyar kogi, fasinjoji na zazzaga masa masifa. Ya canza tiyo, ya canza matatar mai, ya wanke kafireto har sau huɗu, ya matsa famfon robar da ke tura mai har yatsunsa suka ƙage. A banza! Kullum ruwa ne kwance a ƙasan tanki. Sai ya tsaya bakin gaɓa ya tuttule gurɓataccen man a kogi, ya zuba sabo, kashegari kuma ruwan ya dawo.

Rana na gab da faɗuwa dutse ya sauka a kan rufin kwano. Na biyu ya biyo baya. Matarsa ta tsinci ɗaya, ta ji shi jiƙe sharkaf, da gansakuka a jiki.

"Baban Auta, wannan ai dutsen kogi ne."

Kafin ya buɗe baki, 'yarsu Auta ta saki tukunyar da take wankewa. Ta zauna daɓas, ta kama tari irin na injin da mai ya yanke masa, numfashinta na warin fetur. Kwana uku ba ci, ba magana. Asibiti suka ce ba su ga komai ba.

A rana ta huɗu aka ɗauko wani dattijon malami. Ya zauna a gefen tabarma yana karatu a hankali, gida ya yi tsit. Can Auta ta ɗago kai, muryar wata tsohuwar aljana ta fito daga bakinta.

"Me yarinyar nan ta yi miki?" in ji Malam.

"Tambayi ubanta mai kunnen ƙashi. Gidana yana ƙarƙashin inda yake ɗaure jirginsa. Ranar farko ruwan sama ne ya shiga tankinsa, ya juye man a kan 'ya'yana. Na ɗura masa ruwa don ya hankalta. Ya hankalta? Ya ƙara juyewa, har sau tara! Ƙaramin ɗana yanzu ba ya gani."

Takaici ya turnuƙe Mai Jirgi. "Haba baiwar Allah! Da bakinki ba ki faɗa ba, kika bar ni ina ta zagin bakanike?"

"Don Allah rufa mana baki," in ji matarsa, tana kuka.

Aljanar ta ce idon Auta take so. Malam ya ɗaga murya da karatu har ta yi ƙara. Ya ce ba za ta samu ba, ta faɗi wani abin.

"To injin. A ba ni shi, in tafi, ba zan dawo ba."

Shekara shida Mai Jirgi ya yi yana tuƙi da filafili kafin ya mallaki injin nan. Ya tashi ya fita zuwa kogi. Da ya shiga jirgi, hannunsa ya kai ga igiyar tayar da injin don sabo, ya ja sau ɗaya. Injin ya tashi, sumul, ba tari ko ɗaya. Ya tsaya yana saurare, hawaye na zubo masa.

"Yau ka ga dama, ko?"

Ya kashe shi, ya kwance ƙusoshin da ke riƙe da shi, ya tura shi cikin ruwa. Da ya dawo gida, ya tarar da Auta zaune a ƙofar ɗaki tana shan ruwa a kofi.

"Baba," ta ce, "yunwa nake ji."