Sanƙon Shafi'u da Askar Baba

"Shafi'u, cire hular nan!"

Ya dafe ta da hannu biyu kamar na ce ya ba ni makullin motarshi.

"Haba Muhsina... a tasha? Gaban mutane?"

"To a ina za ka cire ta? Wata uku fa! Wata uku Baba na jiranka!"

Raina ya gama ɓaci. Abinci nake saidawa a tashar Magama, shi kuma direba ne, kullum yana tsakanin Jibiya da Maraɗi. Nan muka saba, kuma wallahi ina son shi. Amma ya kai ni maƙura.

Babana, Manu wanzami, yana da ƙa'idar da kowa ya sani a unguwarmu. Duk mai neman ɗiyarshi sai ya zauna kan tabarmarshi ya yi mishi aski kafin a yi zancen turo manya. Ya ce wanda bai yarda ya miƙa mishi kai ba, ba zai miƙa mishi ɗiya ba. Mazan yayyena biyu duk sun zauna, ba wanda ya mutu.

Shafi'u kuwa, yau zazzaɓi, gobe mota ta lalace a Ɗan Isa, jibi 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar, sun tsare shi.

Ga Shamsu, ɗan Gwaggo Hasiya, shi ma yana so na, da sumarshi kamar ta tunkiya. Ba wanda ya gayyace shi, amma sau biyu yana kai kanshi aski, yana yaɗawa wai ciwon makero Shafi'u ke ɓoyewa cikin hula.

"Baba ya ce Juma'a," na faɗa mishi. "In ba ka zo ba, kada ya ƙara ganin motarka a ƙofar gidanmu."

Ya sunkuyar da kai.

"Sahibata, akwai abin da ba ki sani ba..."

"Sanƙo ne! Na sani! Tun bara na gan shi, ka ɗaga hula kana shafar kai wajen alwala. Na ce maka wani abu?"

Ya zaro ido.

"Shekarata ashirin da takwas, Muhsina. Kaina kamar na kakana. Ƙawayenki za su yi miki dariya."

"Su yi ta yi! Suma zan aura?"

Ya juya ya shige mota. Na bi shi da harara, hawaye na zubo mini.

Ran Juma'a bayan an sakko daga masallaci, ina leƙe ta zaure sai ga shi. Rana kamar ta dafa mutum. Rumfar Baba cike da jama'a, Shamsu na gaba-gaba.

Shafi'u ya durƙusa ya gaida Baba, ya zauna kan tabarma. Baba ya yi bisimilla ya ɗage hular.

Innalillahi!

Ashe bawan Allahn nan wajen wani mai aski ya je a Maraɗi, aka taje 'yar sauran sumar ta rufo gaba, aka cike tsakiyar da baƙin rini. Zufa ta narkar da shi. Baƙi ya gangaro goshi, ya bi gefen hanci, har wuyan farar shaddarshi.

Rumfa ta kece da dariya. Shamsu har da riƙe ciki.

"Jama'a, ango na zuba!"

Shafi'u ya yunƙura zai tashi yana laluben hula. Na san in ya bar tabarmar nan shi ke nan, an gama. Ban san lokacin da na fito ba.

"Shafi'u, zauna! Don Allah masoyina, zauna... Ni a haka nake son ka!"

"Ke! Koma gida, marar kunya!" Baba ya daka mini tsawa.

Na koma zaure, amma ban daina leƙe ba. Shafi'u ya ɗan tsaya a haka, sannan ya koma ya zauna, ya miƙa kai.

Baba ya jawo ƙwarya da sabulu ya wanke baƙin tas. Ya juya kan hagu da dama yana dubawa.

"Kan wannan ka wahalshe ni wata uku? Yaro, mai sanƙo ba ya tara suma a gefe, ƙara tona shi take. Ko a rage ta ƙasa-ƙasa, ko a kwashe duka a bar maka gemu. Wanne?"

"Duk wanda ka ga ya dace, Baba."

Aska ta fara tafiya, dariya ta mutu. Da aka gama Baba ya daidaita mishi gemu ya miƙa madubi. Ni dai daga inda nake na ga ya yi kyau, har haushin watannin da ya ɓata mana ya sake taso mini.

Shafi'u ya sa hannu aljihu ya ciro ladan aski, ya miƙa da hannu biyu.

Baba ya ture hannun, ya ci gaba da goge askarshi.

"Mai da abinka. Ba na amsar kuɗin askin ɗan gida."