Kitson Hanji

Ranar kasuwar Gangara ce, rana ta take. Hajjo ta zagaya ta bayan mahauta da ƙwaryar fura za ta kai wa mahaifinta, Mato mahauci. Nan ta tarar da wani saurayi a durƙushe yana cusa matattun ungulaye a buhu, duk an sare musu kawuna.

Ba ta tsaya tambaya ba, ta zaro ludayi ta kwaɗa masa a ƙeya.

"Azzalumi! Ashe kai ne kake ƙarar mana da su!"

Saurayin ya miƙe yana shafa ƙeya, ya ciro katin aiki. Nafi'u ne sunansa, ma'aikacin gandun daji daga Tanout. An turo shi ya gano mai sa wa ungulaye guba, yana sayar da kawunansu ga masu tsibbu.

Da wata ce, da ta ba da haƙuri. Ban da Hajjo.

"Sai yanzu kuka farka? Ina yarinya sun fi arba'in a kan itacen gawon nan, ni ke jefa musu tarkacen nama. Yau biyu suka rage!"

Kuma tana da gaskiya. Tsuntsuwar da ke share mana mushe ba ko sisi, ita muka ga dama mu saka wa da guba. Nafi'u dai tsayawa ya yi yana kallon yarinyar da ke huci saboda ungulu, ya ji zuciyarsa ta tafi.

Da kyar ya samu lambarta. Washegari saƙo ya shigo:

"Mai Ludayi, ƙeyata tana gaishe ki."

"Ka ce mata ta gode wa Allah ba muciya ce a hannuna ba."

"Ko taɓarya ce zan dawo. Ranar kasuwa ta yi mini nisa."

Ta yi tsaki, ta kuma karanta shi sau uku.

Da maganar ta kai kunnen Mato, sai ya yi tsalle ya dire.

"Mai yawo da buhun mushe? Irin waɗanda suka hana ni saran reshen gawo in ba tumakina? Ga Kadi nan, yaro mai ladabi, shi na yi wa alkawari."

Kadi mai sayen fatu ne. Duk ranar kasuwa sai ya zo a moto, wato babur, ya durƙusa ya gaida Mato, ya roƙi ɗan hanji wai na karnukansa. Mato kuwa yakan sa Hajjo ta wanke, ta kitse shi tufka uku, don a cewarsa rabon suruki ba a ba shi a hargitse.

Wata la'asar Nafi'u ya zo zance fuska ba walwala. Ya kwance leda a gabanta. Hanji ne kitsattse, an barbaɗe shi da guba.

"A gindin gawo na tsince shi, Hajjo. Ɗaya daga cikin biyun ta mutu. Kitson wa ne wannan?"

Kallo ɗaya ta gane hannunta, ta kuma gane wanda aka ba. Amma tambayar ta fi mutuwar ƙona mata rai.

"Nawa ne! To, sai ka ɗaure ni! Ni da na fasa maka ƙeya saboda su, ni kake tuhuma? Tashi ka bar mana ƙofar gida!"

Ta fizge ledar ta shige, hawaye na zuba. Ya yi ta kira ba ta ɗauka ba, sai ya rubuto:

"Wallahi ban zarge ki ba, Mai Ludayi. Baki ne ya yi mini karambani. Ki yi fushin, amma kada ki daina sona."

Ba ta amsa ba sai ranar kasuwa da safe: "Ka zo mahauta da hantsi. Ba don kai ba, don wadda ta rage."

Kadi na durƙushe yana gaisuwa ta dire ledar a gaban mahaifinta.

"Baba, tambaye shi karnuka nawa gare shi."

Kadi ya fara in-ina. Hajjo ta nufi motonsa, ta warware ƙullin fatun da ke baya. Kawunan ungulu suka zubo ƙasa a gaban jama'a.

Mato ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ajiye wuƙarsa a hankali, don bai amince wa hannunsa ba.

"Shekara talatin suna share mini mahauta," ya ce. "Ka sa na kashe su da hannuna, ina kiranka ɗana. Allah ya isa tsakanina da kai!"

Jandarmomi suka tafi da Kadi. Mato ya dubi Nafi'u sama da ƙasa, ya ce, "Kai mai buhu, ka turo magabatanka."

Nafi'u ya matso kusa da Hajjo. "An yafe mini?"

"Ban gama fushi ba."

"Ki ƙarasa shi a gidana."

Ta rufe fuska da mayafi, amma ya riga ya ga murmushin.

Bayan an yanke gero aka ɗaura aure. Mato ya yanka sa, kuma kafin kowa ya taɓa nama ya ɗebi hanji da hannunsa ya kai gindin gawo. Ungulun da ta rage ta daɗe tana leƙowa daga reshe. Ta riga ta san abin da ɗan Adam ke iya yi. Amarya da ango suka tsaya daga nesa, ba mai motsi.

Can ta sauko, ta yi taku biyu, ta ci.

Mato ya share ido da hannun riga, ya juyo wurinsu.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa ƴaƴanku su tarar da ita ba ita kaɗai ba."