Baƙon da Ya Rasa Mai Sallamarsa

Magariba ta kawo kai, an kunna fitilun zauren otal ɗin, ƙamshin sabulun goge ƙasa bai gama bajewa ba. Otal ne ɗan ƙarami, ɗakunan baƙi a gaba, gidan mai shi a baya, ƙofa ɗaya ce tsakani. Shi mai otal ɗin kowa Manaja yake ce masa, har matarsa idan ya kai ta bango. Mutum ne da ko zanen gado ba a canzawa sai ya gani da idonsa. Magana biyu ya ɗora ma'aikatansa a kai. In baƙo ya shigo a ce, "Sannu da zuwa, nan gidanku ne." In ya nemi wani abu a ce, "Sai Manaja ya zo."

A yammacin nan 'yarsa Auta ce a teburin karɓar baƙi. Kanta na sunkuye ta ji ƙofa ta buɗe, bakinta ya yi abin da ya saba. "Sannu da zuwa, nan gidanku ne." Da ta ɗago ba ta ga kowa ba. Ƙofar ta koma a hankali ta rufe kanta.

Daga ranar, da rana ta faɗi sai ƙararrawar kan tebur ta fara kaɗawa ba hannu a kanta. Sai tsakuwa ta biyo baya, tana sauka a rufin gidan ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Wata murya kuma ta riƙa bin lungun ɗakuna tana tambaya, "Wa zan gani?" Mai gadi ya ji ta, ya ba ta amsar da ya iya. Kuku ma haka. Sun kai wa Manaja magana ya fi a ƙirga, shi kuwa yana can yana warware ninkin tawul yana sake ninkewa. "Ku bari sai na zauna," in ji shi. Abin haushin, ba a taɓa ganin mutumin nan a zaune ba.

Ran nan da almuru Auta ta shigo gida, ta tsaya a tsakar falo, ta yanke jiki ta faɗi. Da ta buɗe baki, muryar wani tsoho ce ta fito, a gajiye. Uwar ba ta nemi izinin kowa ba, ta yafa mayafi ta je ta zo da malam. Takaici ya riga ya cinye tsoron da ke ranta.

Malam ya zauna a gefen tabarma ya daɗe yana karatu. Falon ya yi tsit, har ana jin ɗigar famfon kicin. Can ya tambaya, "Wane ne kai, me ya kawo ka jikin yarinyar mutane?"

"Matafiyi ne ni," in ji muryar. "Wucewa nake, aka ce mini nan gidana ne. Mu kuwa a wurinmu, wanda aka yi wa masauki ba ya tafiya sai an sallame shi. Na nemi sallama wurin mai gadi, ya ce sai Manaja ya zo. Na je kicin, sai Manaja ya zo. Na buga ƙararrawa, na yi jifa. Malam, na zaga duniya ban taɓa ganin gidan da ba mai iya cewa to ba sai wannan."

Uwar ta juya ta dubi mijinta.

Manaja ya gyara tsayuwa. "To ga ni na zo. Na sallame ka."

"Ba kai ka karɓe ni ba. Wadda ta ce gidana ne, ita za ta ce in tafi, da bakinta, da son ranta. Amma da wuya. Ko da na shigo na tarar an riga ni. Kai ne zaune a bakin yarinyar nan, duk abin da za ta faɗa naka ne. Ni kaina a takure nake a ciki."

Malam ya ce, "In ta faɗa, za ka fita, ba dawowa?"

"Wa zai dawo nan?"

Jikin Auta ya saki. Ta buɗe ido, nata ne wannan karon, jajur da wahala. Malam ya yi mata bayani a hankali. Ta ji, ta gane, sannan ta waiga wajen ubanta.

"Baba, in faɗa?"

Tsakuwa ta sauka a rufi, babba, har fitila ta girgiza. Idanun Auta suka fara juyewa. Manaja ya gane cewa ko e ya ce mata ya ɓata komai. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya juya, ya fita daga falon, ya ja ƙofa, ya tsaya a waje ya jingina goshinsa da bango.

Ya kasa kunne. Sai ya jiyo ta, ƙasa-ƙasa, kalmomin na fitowa a karkace, ba yadda ya koya wa kowa ba.

"Bawan Allah, ka yi haƙuri, ka tafi. Na gaji. Da kai da kowa, na gaji."

Iska ta bi ta lungun ɗakuna, ƙofar gaba ta buɗe ta rufe. Malam ya shafa addu'a. Uwar ta leƙo ta ce wa mijinta baƙon ya tafi, ya shigo. Manaja ya kama hannun ƙofar, sai ya sake shi. Ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa, ya tsaya yana jiran abin da 'yarsa za ta ce.