Kaska a Ƙarƙashin Kitso

Auta ya dawo ya tarar an sare bishiyar ƙofar gida, ɗakinsa ya zama sito, filin ƙwallonsu ya koma gidan mai, Umma kuma ta kafa garken tumaki a tsakar gida. Bakin Umma ne kawai bai canza ba. Shekaru ya yi yana walda a tashoshin jiragen ruwa, ga shi ya zo mata da matar da ba ita ta zaɓa ba, ɗauke da tsohon ciki.

"Wannan ce? Ko tsintsiya ta iya riƙewa?"

Amaryar ta yi murmushi kawai. Tun daga ranar ita ke share garken, ita ke ɗauko ciyawa a ka.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kayar da ita, ga ciwon kai kamar ana sara, ga jajayen ƙuraje har tafin hannu.

"Laulayi ne da shagwaɓa," in ji Umma. "Ni da na haife ku, wa ya kai ni asibiti?"

"Umma, ɗan ya rage motsi tun jiya," in ji Auta.

"To, ka fi ni sani."

Auta ya durƙusa gabanta. "Ban fi ki ba. Ki yi min faɗan a mota, amma tare za mu je."

A asibiti gwajin maleriya bai nuna komai ba. Likita ta tambaya ko tana mu'amala da dabbobi, ta duba jiki duka, sannan ta ce a tsefe kitson. Umma ce ta zauna tsifa tana ƙunƙuni. Can hannunta ya tsaya. Kaska ce a bayan kunne, ta sha jini ta yi fam.

"Cizonta ne ya sa mata ƙwayar cuta a jini," in ji likita. "Da kun ƙara jinkiri, da uwa da ɗa sai yadda Allah ya yi."

Umma ta dubi hannuwan amaryar, duk kantar tsintsiya, hawaye ya zubo mata. Aka ɗaura ruwa, aka fara allurai. Umma ta hana kowa jinyar sai ita, har ranar da na'ura ta sake kawo bugun zuciyar jaririn, daram-daram.

"Ka ji shi?" amaryar ta raɗa wa Auta. "Gaggawa irin taka."

Lafiya ta haihu, namiji. Da aka kira Auta sabon aiki, yana cusa kayan walda a jaka Umma ta leƙo da jaririn a kafaɗa.

"Kai dai ƙafarka ƙaiƙayi take. Tafi abinka. Su biyun nan sai sun yi ƙwari, kuma ni zan kawo maka su."

Auta ya ja zif yana dariya. Namijin da ya tsaya wa matarsa, kuma bai ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, riba biyu ya ci.